Fiffiken Hagu

Ranar da wani abu ya fashe can wajen babban titi, tantabaruna suna sama. Ƙarar ta watsa su. Kafin magariba duk sun dawo sai guda ɗaya, wata fara mai ɗigon baƙi a wuya. Mijinta ya koma kan katanga ya zauna yana kallon gabas, ko gero ba ya saukowa ci sai yunwa ta ci ƙarfinsa.

Ni ma a lokacin ba na iya zama wuri ɗaya. Na bar makaranta a aji biyu na sakandare. Na yi tallar ruwa, na yi cajin waya, na ja keke napep na wani mutum na bari, daga baya na koma dako a Kasuwar Kwastam, ranar da na ga dama. Gidanmu na Moduganari ɗaki uku ne, ni kaɗai a ciki. Baba ya rasu tun kafin rikici. Inna ta bi shi da daminar da ta wuce. Yayana Madu kuwa ya tafi Baga sayo banda ana gab da shigar 'yan bindiga garin, daga can ya gudu ta tafki ya faɗa Nijar. Har mun yi masa sadaka kafin wata rana ya kira mu da baƙuwar lamba daga Diffa. Tun daga nan sai dai waya, ita ma jefi-jefi. Yakan ce lafiya lau, ni ma in ce lafiya lau, sai mu yi shiru muna jin iska a cikin wayar.

Tantabarun gadon Baba ne. Su kaɗai ne suke motsi a gidan in ban da ni.

Da na gaji da ganin namijin nan a kan katanga, na kafa tarko da kwando da zare a bayan gida na kama kurciya. Na ce ai kusan duk ɗaya ne, baki iri ɗaya, tafiya iri ɗaya, sai dai ita ƙarama ce. Na sa su a keji guda na zuba musu gero. Kwanaki suka wuce, shi yana kusurwa, ita tana kusurwa. In ta matso kusa da ruwa ya sare ta.

Wata la'asar ina tsugune gaban kejin sai na ji murya ta saman katanga.

"Mikail, wane aure kake ɗaurawa a nan ba ka gayyace ni ba?"

Malam Alfred ne, maƙwabcinmu. Mutumin kudancin Borno ne, malamin kimiyya a wata sakandare da aka rufe aka zuba 'yan gudun hijira a cikinta. Matarsa Agnes da 'ya'yansa ya tura su Jos tun farkon abin, shi ya zauna a ɗakin haya yana jiran a buɗe makaranta. A shekarun da abin ya yi zafi, in baƙo ya tambaye shi sana'arsa, cewa yake gyaran rediyo yake yi.

Na ce, "Malam, amaryar ce ta ƙi."

"Angon ma ai bai yarda ba. Buɗe mini ƙofa in zo in ga wannan ɗanyen aiki."

Ya shigo ya zauna a kan turmin Inna da yake kife. Ya daɗe yana kallon tsuntsayen biyu. Sai ya nuna sauran da ke yawo a tsakar gida, masu gashi a ƙafa, masu tukku, baƙaƙe da jajaye.

"Waɗannan duk kamanninsu daban, amma suna haɗuwa, ko?"

"Suna haɗuwa."

"To duk iri ɗaya ne. Ita kuwa wannan 'yar uwarsu ce ta nesa. Kakanninsu ɗaya, amma sun rabu da daɗewa."

Na yi dariya. "Kamar yaya sun rabu? Faɗa suka yi?"

Ya ɗauki tsinke ya ja layi a ƙasa. "Ka san kogin nan namu, Ngadda, in ta janye da rani, yadda take barin kududdufai nan da can, kowanne da kifinsa a ciki? To ka ɗauka ruwa bai sake haɗa su ba. Ko ka ɗauka tsuntsaye ne, garke ɗaya, sai hamada ta shiga tsakani, ko teku. Waɗansu a nan, waɗansu a can. Ka san 'ya'ya ba sa fitowa daidai da iyayensu, kai da kake kiwo ka fi ni gani. Wani bakinsa ya fi tsawo kaɗan, wani ya fi duhu. A wannan gefe ƙwayar da ake ci mai tauri ce, mai ƙaƙƙarfan baki ya fi samun abinci, ya fi barin 'ya'ya. A wancan gefe shaho ya yi yawa, mai launin ƙasa ya fi tsira. Haka, haka, kaɗan-kaɗan. Har kukansu ya canza, har rawar da namiji yake yi wa mace ta canza. Ranar da hamadar ta kau suka sake haɗuwa, sai ya yi mata rawarsa, ita kuwa ba ta san me yake cewa ba. In ma an tilasta musu, ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa. In ya ƙyanƙyashe, ɗan ba ya haihuwa, kamar alfadari. Daga nan sun zama iri biyu ke nan."

Na ce, "Malam, ba Allah ne ya halicce su ba?"

"Ni hanyar da abin ya bi nake nuna maka. Wanda ya shimfiɗa hanyar, kai ka san sunansa a masallaci, ni na san shi a coci."

Na kalli layin da ya ja. "Shekara nawa ake yi kafin su manta juna?"

"Ba shekarunka ba ne, ba na kakan kakanka ba ne. Dubbai a kan dubbai. Kuma akwai sharaɗi. Sai hanya ta toshe ƙaf. Muddin akwai mai ƙetarawa, ko ɗaya ne lokaci-lokaci, ya je can ya yi aure ya haihu, to ba sa rabuwa. Shi ɗayan nan yana ɗinke su."

"Mutane fa?"

Ya ɗago ya dube ni. Ina jin ya gane inda na nufa, don ya san zancen Madu.

"Mutane duk iri ɗaya ne, Mikail. Ba mu iya zama wuri ɗaya ba, irinka ne mu duka. Saki baiwar Allahn nan ta tafi."

Na buɗe kejin. Kurciyar ta fita ko waiwaye ba ta yi ba. Namijin ya koma katangarsa. Na gwada shi da mata biyu daga cikin garken, ya ƙi su.

Ana cikin haka Madu ya kira ya ce hanya ta ɗan yi sauƙi ta Gaidam da Damaturu, zai zo ya ga kabarin Inna. Bai ce zai zauna ba. Bai kuma ce zai koma ba. Ni sai na riƙe na biyun.

Akwai yadda Baba ya koya mana zaunar da sabuwar tantabara, ni da Madu, tun muna yara. Masu kiwo a unguwa suna ɗaure fiffike da zare, ko su fige duka biyun, tsuntsu ya zama kamar kaza har kyanwa ta cinye shi. Baba fiffiken hagu kaɗai yake figewa, dogayen gashin nan, ya bar na ƙarshe guda ɗaya. Tana iya tsalle ta hau katanga ta tsere wa kyanwa, amma ba ta iya doguwar tafiya. Sannan ya haɗa ta da miji. Kafin gashin ya tsiro ta yi ƙwai, kuma wadda ta yi ƙwai a gida ba ta barinsa. Ni ban san wata hanyar zaunar da mai rai ba sai wannan.

Don haka na shirya. Na share ɗakin Madu na wanke tabarmarsa. Na je wurin Alhaji Garzali mai banda a Kwastam, wanda Madu ya taɓa yi wa aiki, ya ce in ya zo ya same shi, akwai wuri. Sannan na je wurin Kaltum. Ita ce yarinyar da Madu yake tsayawa zance da ita kafin ya tafi. Ta yi aure bayan an ce ya mutu, mijin ya rasu a hanyar Damboa, ta dawo gidansu tana sayar da awara a bakin layi. Ban ce mata komai ba sai cewa Ya Madu yana zuwa, kuma ba mace a gidan da za ta yi wa baƙo girki.

Ta dube ni ta gefen ido. "Girki kawai?"

"Girki kawai."

"To Allah ya kawo shi lafiya."

Ya iso da hantsi, da 'yar jaka ɗaya. Da na gan shi a bakin ƙofa sai da na ɗan tsaya. Ya rame, ya yi baƙi, ya naɗa rawani irin na mutanen can, haƙorinsa ɗaya na gaba babu. Muka rungume juna. Warin jikinsa ma ba wanda na sani ba ne, hayaƙi ne da tattasai.

"Wushe, Ya Madu," na yi masa sannu da yarenmu.

"Wushe, ƙanena. Kai ne ka yi gemu haka?"

Na kai shi wurin Bulama, mai unguwarmu, don a san da zuwansa, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya shigo unguwa. 'Yan gora masu gadin unguwa da ke bakin layi suka tare mu, yara ne da suka taso bayan tafiyarsa, ba wanda ya san shi. Sai da wani dattijo mai shago ya fito ya ce ɗan gidan mai tantabaru ne, a gabansa aka haife shi. Madu ya tsaya yana amsa tambayoyi a layin da ya koyi tafiya, hannunsa biyu a bayansa.

Muka je maƙabarta. Ya daɗe a tsugune.

A gida ya ƙi ɗakin da na share. Ya ce ya saba da waje, ya shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya. Ya fito da ƙaramar buta da 'yan kofuna ya dafa shayi mai ɗaci, zubi bayan zubi, abin da ba mu taɓa yi a gidan ba. In yana magana sai wata kalma ta faɗo wadda ban sani ba. Ya ce a kamyo ya zo rabin hanya, sai da na tambaya ya ce babbar mota. Na yi wa tantabaru fito suka sauko kamar ruwa, na ce ya gwada, don shi ya koya mini fiton. Ya tara leɓe ya hura, iska kawai ta fita ta gurbin haƙorin. Ya yi dariya ya ce, "Ya tafi." Bai sake kallon tsuntsayen ba.

Na tuna layin Malam a ƙasa. Na ce a raina ai shekaru kaɗan ne, ba dubbai ba.

Washegari na yi masa zancen Alhaji Garzali. Ya ce, "Allah ya saka masa." Bai ƙara ba. Da azahar Kaltum ta shigo da kwanon burabisko da miyar yakuwa, ta sa lalle, ta sa turare har tsakar gida ya ɗauka. Suka gaisa a tsanake. Ya yi mata ta'aziyyar mijinta, ta yi masa ta Inna. Ni na koma gefe ina gyara kejin da ba abin da ya same shi.

Jakarsa tana buɗe a kan tabarma. Da safe ya fita kasuwa shi kaɗai, ban san me ya sayo ba. Kaltum ce ta hango. Ta miƙa hannu ta ɗauko waɗansu 'yan awarwaro na roba, ja da kore, waɗanda ko yatsunta uku ba za su shiga ba.

"Ya Madu, waɗannan na wace ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Na 'yata ne. Ta fara tafiya."

"Masha Allah. Uwarta fa?"

"Fanna. 'Yar can ce."

Kaltum ta mayar da awarwaron a hankali ta jera su yadda ta same su. Sai ta juyo wurina, tana murmushi amma idonta ba ya yi.

"Mikail, girki kawai ko? Ni ka ɗauka tantabara, za ka sa a keji?"

"Wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Kai me ka taɓa sani in ba tsuntsu ba? Ku ci abinci kafin ya huce. Kwanon ka kawo mini da kanka, kar ka aiko."

Da ta fita, Madu ya dube ni ya dubi kejin, ya girgiza kai.

"Fiffikena kake son figewa?"

"Me ya sa ba ka faɗa ba? Aure, har da haihuwa, muna waya kana cewa lafiya lau?"

"Inna tana kwance. In na ce mata na kafa gida a can, ta san ba zan dawo ba ke nan. Na bar ta tana jira, ya fi mata. Bayan ta rasu kuma na rasa ta inda zan fara."

"To ka kawo su nan. Ga ɗakuna."

"Uwar Fanna ba ta gani, ita ke kula da ita. Gonar tattasai tana can bakin kogi, surukina ya ba ni gefe. Su suka tsince ni, Mikail, lokacin da na fito daga ruwa ba ko takalmi. Kai ka zo mana. Me kake yi a nan? Dako?"

"Gidan fa? In na rufe shi wa zai buɗe?"

Ya jawo kwanon ya buɗe. Muka ci burabiskon Kaltum, kowa da gefensa na kwano.

Da yamma na leƙa wurin Malam Alfred. Na same shi yana ɗaure littattafai a kwali. Na ce masa, "Malam, ka ce dubban shekaru. Ga shi a 'yan shekaru an gama."

"Ba a gama ba. Abin da na faɗa maka na jiki ne da jini, wannan ba ya sauri. Naka ciwon daban ne." Ya ja igiya ya ƙulle. "'Yar autata in na yi mata yarenmu a waya, da Turanci take amsa mini. Na gaji da jiran makarantar nan. Ƙarshen wata zan bi su."

"Kai ma?"

"Ni ma. Wani ya zama mai ƙetarawa."

Ranar da Madu zai tafi na kama tantabaru biyu, mace da namiji, matasa masu ƙarfi, na sa su a kwali na huda ramuka. Ban taɓa fiffikensu ba. Na miƙa masa a tasha.

"Me zan yi da su? Ba ni da wurin ajiye su."

"Na Baba ne. Rabonka ne."

Ya karɓa ya ɗora a cinya, hankalinsa yana kan direba da ke kiran fasinja. Na so in tuna masa abin da ake yi in an kai su sabon wuri. Sai na fasa. Motar ta tashi, ya ɗago hannu ta taga, na ɗago nawa.

Na dawo gida na rataye tabarmarsa a kan igiya. Kwanaki ina duba sama ta arewa, ko zan ga biyun nan sun dawo, don in bai fige su ba gida za su nema, ko su mutu a hanya. Ba su dawo ba. Na ce wataƙila an yanka su an yi wa yarinya romo. Na kai wa Kaltum kwanonta, ta karɓa ta ba ni awara biyu ta ce in ɓace mata da gani. Malam ya tafi ƙarshen wata kamar yadda ya ce, ya bar mini kujerarsa ta roba. Waya tsakanina da Madu ta koma yadda take, lafiya lau, lafiya lau. Bai yi zancen tsuntsaye ba, ni ma ban tambaya ba.

Damina ta zo ta wuce. Ngadda ta cika ta fara janyewa.

Wata safiya ina shirin fita Kwastam aka yi sallama. Wani direba ne mai ɗaukar kaya ta Gaidam, da ƙullin busasshen tattasai a hannu ɗaya, kwali mai ramuka a ɗaya hannun.

"Kai ne Mikail mai tantabaru? Wani mai wushiryar dole ya ba abokin aikina a kan iyaka, shi kuma ya ba ni. Ka karɓi abarka, ta ishe ni da kuka tun jiya."

Na buɗe kwalin. Budurwar tantabara ce, ja mai farin kai. Ba ɗaya daga cikin biyun da na bayar ba ce, amma kan uwarta ne sak. Can aka ƙyanƙyashe ta, can ta koyi tashi, can ne gidanta. In na sake ta haka, arewa za ta nufa. Na riƙe ta a tafin hannu na buɗe fiffiken dama don in ga ƙarfinta. Cikakke ne. Na buɗe na hagu.

An riga an fige shi. Dogayen gashin duk babu, sai na ƙarshe guda ɗaya a tsaye.

Na daɗe ina riƙe da fiffiken a buɗe har direban ya ce, "Lafiya dai?" Na ce lafiya. Na juya wajen katanga zan kira Malam ya zo ya gani, har na buɗe baki, sai na ji kukan jaririn sababbin 'yan hayan da suka shiga ɗakinsa.

Na kama namijin nan na kan katanga, ya tsufa yanzu, ya yi nauyi. Na sa su a keji guda. Ta tsaya a kusurwa tana kallonsa da ido ɗaya. Shi ma ya tsaya. Can sai ya kumbura wuya, ya sunkuya, ya yi juyi ɗaya a gabanta yana gurnani ƙasa-ƙasa. Ba ta gudu ba. Ta ɗan sauke kai.

Direban ya kai bakin ƙofa na bi shi.

"Yaushe za ka koma?"

"In an buɗe hanya, Alhamis."

"Ka biyo ta nan kafin ka wuce."

"Kai, ni fa ba motar tsuntsaye nake ja ba."

"Guda ɗaya ce. Ba ta da nauyi."

Ya tafi yana mita. Ban je Kwastam ba ranar. Na ɗauko kujerar Malam na hau, ina leƙa tukwanen sheƙar tantabaru da ke rataye a bango ɗaya bayan ɗaya, ina duba wace 'yar shila ce gashinta ya cika da za ta iya tafiya.